Baba Ya Bar Mana Inna a Bakin Rafi

Daga Allah muka fito, wurinSa kuma za mu koma. Baba ya riga mu tafiya a farkon markar bana, da hantsi, yana kwance a ɗakin Inna a gidanmu na Turawa. Ni ce autarsa, ni ce kuma wadda bai taɓa hana wa magana ba, shi ya sa na ga in ban faɗi nasa ba babu mai faɗa. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi. Ina kuma rubutawa don akwai abin da ya tokare mini ƙirji, na rasa wanda zan gaya wa.

Masu gaisuwa sun zo daga ko'ina, har daga Tudun Kaya da cikin Rogo, ƙafafunsu duk taɓo. Kowa ya zauna ya ce ya haƙuri, mu ce mun gode Allah, a shafa fatiha. Amma na lura da wani abu: duk wanda ya gama addu'a sai ya ɗaga kai ya dubi sama, sannan ya saci kallon gindin katangarmu, inda laima ta hau ta yi baƙi. Wani dattijo, abokin noman Baba, ya ce wa babban wana, "To yanzu in hadari ya taso wa za mu tambaya, na zubarwa ne ko na wucewa?" Wani tsohon Bafulatani ma ya zo. Ya tsuguna a ƙofar zaure da sandarsa, hawaye na bin gemunsa, har aka kira azahar.

A cikin mata ne na ji maganar da ta hana ni sukuni. Wata maƙwabciyarmu ta da, cikin waɗanda suka tashi suka koma tudu, ta sunkuya tana raɗa wa 'yar'uwarta: "Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki. Amma kada taurin kansa ya ci matarsa." Wallahi na ji kamar in tashi in kore ta daga gidan. Abin da ya zaunar da ni shi ne na san ba ƙarya ta yi ba. Gidanmu ne kaɗai ya rage a bakin rafi, kowa ya watse. Ga shi Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma a cikin ɗakin nan na ƙasa, kuma damina yanzu ta fara nuna ƙarfinta.

Duk wanda ya san Baba ya san turminsa. Wani tsohon turmi ne da bakinsa ya tsage, Inna ta so ta faskara shi ta yi wuta, ya hana. Ya girke shi a tsakiyar gida, nesa da indararo, nesa da inuwar bishiya, don kada ruwan da bai faɗo daga sama kai tsaye ba ya shiga. Da an ɗauke ruwa zai fito da karan dawa, ya tsoma, ya auna jiƙon da yatsunsa, ya gyaɗa kai, sannan ya tuntsurar da ruwan. Kaza ba ta isa ta sha ba, akuya ba ta isa ta leƙa ba. Ina yarinya na taɓa wanke ƙafata a ciki kafin ya dawo daga masallaci. Bai dake ni ba, bai ma taɓa dukana ba. Cewa kawai ya yi, "Auta, kin wanke ƙafa da labarin damina." Ya kwana biyu yana mita.

A wurinsa ruwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai zuwa da iska da tsawa, wanda ke sa mutane gudu suna jibga duwatsu a kan kwano. Wannan ba ya ba shi tsoro. Yakan zauna a zaure yana cin goro, ya ce, "Ku bar shi, sauri yake, bai zo zama ba." Wanda ke hana shi zama shi ne mamako, ruwan nan mara hayaniya da zai kama tun safe ya yini yana zuba a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi. Ranar irin wannan sai ya yafa buhu a ka, ya ɗauki fartanya, ya bi gida gida, musamman gidajen tsofaffin da babu namiji a ciki. Ya buɗe musu wuriya, ramin nan na gindin katanga da ruwan tsakar gida ke fita ta ciki, ya dafa bango da tafin hannu ya ji ko ya yi laushi. In ya ce wa tsohuwa yau kada ki kwana a nan, ba ta kwana.

Yana da rediyo da ba ya rabuwa da ita. In aka ba da labarin guguwar nan ta bakin teku da ke afka wa ƙasashe masu nisa, sai ya matso da ita kusa da kunne. Abin da ya fara ba shi dariya shi ne wai har suna ake raɗa musu. "To an yanka rago?" in ji shi. Amma daga baya sai ya zama yana jin haushin masu labarin. Su ta ƙarfin iska suke yi, shi kuwa tambayarsa ɗaya ce, yana yi wa rediyon kamar za ta amsa: "Ita wannan guguwar tafiya take ko zama ta yi? Kafin ta zo an yi musu ruwa ko ba a yi ba?" Ya lura cewa sau da yawa wadda aka ce ta yi sanyi, ta rage ƙarfi, ita ce daga baya za a ji ta cinye garuruwa, don ta tsaya wuri ɗaya tana juye ruwa. In ya ji haka sai ya kashe rediyon, ya yi wa mutanen addu'a, mutanen da ko sunan ƙasarsu ba ya iya faɗa daidai.

To ka ga mutum ne da ya san ruwa. Wannan ne ma abin da ke ci mini rai, don da jahili ne da na huta.

Baba yana da ma'auni ɗaya da yake gwada kowace damina da shi: ruwan shekarar aurensa. A shekarar da ya auri Inna, in ji shi, an yi mamakon da bai taɓa ganin irinsa ba, turmin gidan ya cika ya tumbatsa, rafi ya taso har gindin tsamiyar da ke bayan gidanmu, ya tsaya nan, ya koma. Tun daga nan ya yanke wa kansa hukunci: in ruwa bai kai na shekarar aurensa ba, rafi ba zai wuce tsamiya ba. Mun ji wannan magana har mun haddace. A yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya tsoma karansa, ya ce, "Bai kai ba." Mu kuma mu kwanta da kwanciyar hankali, domin Baba ya faɗa.

Sai kuma Gwaggo, ƙanwarsa, da ke aure a Zoza. Ruwan da ya sauka a wajensu shi ne ke gangarowa ya cika rafinmu, don haka tun suna da ƙuruciya suke musayar labarin damina. Da can saƙo ne ta bakin masu zuwa cin kasuwa, da waya ta zo kuma sai ya zama kusan kullum. Ita ma tana da ma'auninta, wata tsohuwar tukunyar ƙasa mai ƙaramin baki da faɗin ciki. Turmin Baba kuwa bakinsa faɗi, gindinsa tsukakke. Ko yaro ya san in aka yi ruwa ɗaya a kansu, na turmi zai fi hawa sama. Amma su biyun nan sun shekara fiye da shekaruna suna gwada yatsun turmi da yatsun tukunya, babu wanda ya yarda ya canja nasa. A lissafin Baba, kullum ruwan Turawa ya fi na Zoza. Gwaggo ta ce, "Yaya, yau fa mun sha ruwa." Ya tambayi yatsu, ta faɗa, ya yi dariya ya ce, "Wannan ai yayyafi ne, zo ki ga namu." Mun daɗe muna ɗaukar abin wasa tsakanin wa da ƙanwa.

Kafin in faɗi rigimarsu, bari in faɗi abin da ya sa tsohon Bafulatanin nan kuka. Wata shekara rafi ya cika ya raba shi da rugarsu, shi da iyalinsa da shanunsa suka maƙale a tsallakenmu. Ya so ya kora shanun su ƙetare, Baba ya riƙe masa sanda ya ce ba yau ba. Duk inda za a tsayar da shanu ruwa ne da gonakin mutane, kuma kowa ya san abin da shiga gonar wani ke jawowa. Baba ya buɗe musu gonarsa ta gyaɗa da ke kan tudu, ya ce su tsaya a ciki. Gyaɗar ta fara yaɗo, shanu suka tattake ta tas. Matan suka zauna a ɗakin Inna, mazan a zaure, har ruwa ya janye. A shekarar nan ko ƙuli-ƙuli ba mu soya ba. Ban taɓa jin Baba ya tayar da zancen ba, in wani ya tayar sai ya ce gyaɗar dama ba ta yi kyau ba.

Rafin da Baba ya sani kuwa ba shi ne wanda ke bayan gidanmu yanzu ba. Yashi ya cike shi, an sare itatuwan bakinsa, an nome har gaɓa. Wurin da muke nitso muna yara, yanzu da rani ko idon sawu ba ya rufewa. Ruwan sama ma ya canja hali, sai a yi kwanaki babu, sannan ya zo a dunƙule. Ruwan da a da rafi zai haɗiye ba a ji ba, yanzu sai ya yi amai cikin gonaki. Ya fara taɓa tsamiya, ya fara wuce ta. Baba zai tsoma kara a turmi ya ga bai kai ba, ya leƙa bayan gida ya ga ruwa ya wuce inda ya ce ba zai wuce ba, sai ya nemo dalili. Yau wani ne ya tare hanyar ruwa da kunya a gonarsa, gobe itace ne ya faɗo ya toshe. Maƙwabta suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Babban wana ya gina a tudu, ya yi wa Baba da Inna ɗaki, Baba ya je ya gani ya sa albarka, ya dawo gidansa.

Bara waccan Gwaggo ta hau babur ta zo musamman. Ina nan, na zo ganin gida daga Karaye inda nake aure. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara.

"Yaya, ka tashi daga nan. Ni nake ganin ruwan da ke tahowa wurinku, kai ba ka ganinsa."

"Tukunyarki ba ta taɓa kai turmina ba," in ji Baba.

"Ka bar zancen turmi. Rafin nan ya cike, idonka bai gani ba ne?"

"A gidan nan aka haife ni, a nan aka haife ki. Ruwan shekarar aurena bai tashe mu ba, wannan ne zai tashe ni?"

"To ka zauna. Amma ita wannan baiwar Allah da ba ta iya gudu, me ta yi maka?"

Ta nuna Inna, wadda gwiwoyinta suka daɗe da ƙin ta. Gwaggo ta juya, ta sa ƙafa ta hankaɗe turmin, ya gangara har bakin madafi. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haka ba. A hankali ya ce, "Ba a kifar mini da kaya a gidan ubana." Ta ce, "Gidan ubanmu dai." Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Damina guda ba su yi magana ba. In an ɗauke ruwa zai auna abinsa, ya ɗauko waya ya riƙe, ya mayar aljihu. Wani lokaci ya kira ni a Karaye, mu gama gaisawa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Auta, ko kin ji an yi ruwa can yamma?" Ni kuma don mugunta sai in ce, "Baba, ai kana da lambar mutanen yamma." Ya ce in tafi can, bakina ya yi yawa.

Sai da ya kwanta ciwon ajali ta zo. Ta durƙusa a gefen gadon, ya buɗe ido ya gan ta, abin da ya fara cewa shi ne, "An yi ruwa a wajenku?" Ta ce, "An yi, Yaya." Ya ce, "Yaya yake?" Ta ce, "Bai kai naka ba." Ya yi murmushi, ita kuwa ta fita bayan ɗaki ta yi kukan da muka ji har zaure. A cikin kwanakin ne kuma, ina gyara masa matashi, na ji ya ce wa Inna, "Ki zauna a ɗakinki. Kada su tayar miki da hankali." Na san ya faɗa ne don ya kwantar mata da rai. Ita kuwa ta ɗauke shi wasiyya.

Bayan an share makoki muka yi ta fama da ita. Babban wana ya ɗauko liman, ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi mata bayani cewa addini bai ce mai takaba ta zauna inda ake jin tsoron halaka ba, ta koma gidan ɗanta ta ƙarasa takabar, babu laifi. Daga bayan labule ta ce, "Na ji, Allah ya gafarta Malam. In na ga ruwan zan tashi." Da ya tafi na shiga na zazzage mata abin da ke cikina. Na ce Inna, in kin ga ruwan da wace ƙafar za ki tashi? Ta ci gaba da jan carbinta kamar da bango nake. Na roƙi maigidana, na bar masa yara, na dawo Turawa na tare a ɗakinta. In aka yi hadari ba na iya cin abinci.

Ranar da abin ya faru rana ce tarwai, ko ɗigo ba a yi mana ba. Bayan azahar Gwaggo ta kira. Ta ce tun jiya ake zuba musu ba a ɗauke ba, tukunyarta ta cika ta zube, abin da ba ta taɓa gani ba tun da ta zo Zoza. Ta ce, "Ki fitar da ita yanzu, kada ki jira kowa." Babban wana ya tafi kasuwa, na kira wayarsa ba ta shiga.

Na faɗa wa Inna. Ta ɗaga labule ta leƙa tsakar gida, ta ce, "Ga turmin babanki can a bushe." Na ce Inna, ba ruwanmu ba ne, na Zoza ne. Ta ce, "Na Zoza ai bai taɓa kai namu ba." Maganar Baba ce sak a bakinta. Muna cikin haka na fara jin rafin, wani irin gurnani daga nesa. Kafin la'asar sai ga ruwa ja, da kumfa da karare, yana shigowa ta wuriyar gidanmu, ta inda ya saba fita.

Na durƙusa na roƙe ta, na haɗa ta da Allah. Ta riƙe ƙafar gado da hannu biyu, ta ce ba za ta fita tsakar rana cikin takabar mijinta mutane suna kallonta ba. Da ruwan ya taɓa dokin ƙofa sai na daina roƙo. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na juya mata baya, na ɗaga ta, na ɗaure da zani kamar yadda ake goyon yaro, na lulluɓe mata kai da mayafi. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma sai da ya sa ni kuka. Ta yi ta dukan kafaɗata tana cewa in sauke ta, ni ba 'yar halak ba ce. A ƙofar zaure ruwa ya kai mini gwiwa, yana fizga. Daga nan ta daina dukana har muka hau tudu. Mazan da suka fito kallon ruwa duk suka juya mana baya, Allah ya saka musu.

Katangar baya ta faɗi, madafi ya faɗi, rumbu ya tafi da sauran dawar da ke ciki. Ɗakin Inna bai faɗi ba. Ruwa ya shiga ya haye gadon, ya bar shaida a bango daidai ƙirjina, amma ɗakin yana tsaye, ya jiƙe sharkaf. Da aka gaya mata ta ce a mayar da ita ta ƙarasa takabarta a can. Na sa kwaɗo a ƙofar, na rataya makullin a wuyana, na ce sai dai in bayan raina.

Yanzu tana ɗakin da wana ya gina musu, da sauran takaba a gabanta. Ni nake kai mata ruwan alwala, ni nake dama mata koko. Kowa ya gaishe ta tana amsawa, har jikoki. Ni in na durƙusa na ce Inna ina kwana, sai ta juya fuska bango. Sau ɗaya kawai ta yi mini magana, wata safiya ina shafa mata man zafi a gwiwa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Da yana nan, ba ki isa ki ɗaga ni ba."

Gaskiya ta faɗa. Da Baba yana nan da ban isa ba. Da ya tsaya a ƙofar ɗakin nan ya ce bai kai ba, da ni da duk bakina ba mu iya ture maganarsa, da na tsaya ina kallon ruwa yana hawa gadon da su biyun a kai. Ban taɓa zaton zan wayi gari in gode wa Allah da Ya ɗauki ubana kafin wata rana ta zo ba. Amma na gode, kuma tun da na gode ɗin ban sake jin daɗin raina ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa abin da ya sani da abin da ya ƙi gani, Ya sanya tsofaffin da ya fitar daga ɗakuna masu laushi su zame masa shaida. Wanda duk ya karanta wannan, in ya yi masa addu'a ya haɗa da ni: Allah Ya sa Inna ta amsa mini gaisuwa kafin ta fita takaba.